Katanga Ba Tushe

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗora bulo kan bulo
a Barreiro, bakin kogi, inda iska ke warin gishiri da tsatsa.
Ni ne Belmiro. Ku tambaya.
Makarantar da ke bayan tashar jirgin ruwa hannuna ce,
haka gidan burodin Amadeu,
haka bangon maƙabarta, ɓangaren da bai karkace ba.

Yanzu hannun dama ya koyi rawa ba kiɗa,
cokalin miya ma sai da lallashi.
Jikata Iolanda ta dire mini tsohuwar kwamfutarta
a teburin kicin, tsakanin kwalbar man zaitun da rediyo,
ta ce, Kaka, ga abin da zai sa yatsu su daina gardama.

Ɗan katako a ƙasa. Ƙwallo kamar ƙwayar wake.
A sama, katanga mai launi bakwai.

Ranar farko ban buga ba, aikin na tsaya dubawa.
Wa ya yi wannan gini?
Ba tushe, ba siminti, ba igiyar awo,
gaɓa a kan gaɓa, saitin juna,
abin da yaron da ya kwana biyu a bakin aiki
zai sha ranƙwashi in ya yi.
Ga ta rataye a sama kamar shanya.
Na ce, to, irin wannan rushe ta ma taimako ne.

Tik, ja ya tafi.
Tik, shuɗi ya bi sahu.
Ba ƙura, ba ɓaraguzai, ba mai tura baro,
ba mai zuwa da takarda ya ce wa ya ba ka izini.
Rai uku suke ba mutum. Uku!
Ranar da na zamo daga hawa na biyu
ɗaya tak gare ni,
shi ma da ƙuguna na fanshe shi.

A mako na biyu na gano lagonta:
kowace katanga tana da gefen da magini ya gaji.
Huda can, tura ƙwallo ta bayanta,
sai ka janye hannu, ka ɗauki kofin gahawa,
ka bar ta tana ɓarna ita kaɗai
kamar ɓera a rufin ɗaki.

Graciete na suyar kifi, ko juyowa ba ta yi ba:
Tsoho, ka gina rabin gari ba a ji muryarka ba,
yau ka fasa hoto kana dukan tebur.

Talatar da ta wuce suka kawo motar rusau
ga ɗakin ajiyar nan na tsallaken titi,
wanda muka yi da Custódio.
Bulo dubu goma sha takwas, wata biyar,
rana tana cin ƙeyarmu.
Kafin a ci abincin rana sun gama.
Amma kusurwar arewa ta yi musu taurin kai,
duka bakwai ta sha kafin ta durƙusa.
Ina bakin taga, na ƙirga.
Custódio ya shekara tara a bayan wancan bangon nawa,
ban san wa zan gaya wa ba.

Da dare na zauna, na share layi bayan layi
har saura ɗaya, ɗan rawaya, can a lungu.
Ƙwallo ta je ta dawo, ta goge gefensa, ta dawo.
Na san in na same shi
wata katangar za ta sauko kafin in ƙifta ido,
ba gumin kowa a jikinta,
ba wanda ya ci burodi da albasa a inuwarta.

Na saki linzami.
Ƙwallo ta wuce ta ƙasa.
Ta biyu ma haka.
Ta uku na ɗan tare ta, don kada a ce, sannan na bar ta.

Ran Lahadi Iolanda ta bugo waya:
Kaka, mataki na nawa ka kai?
Na ce, ina nan inda nake.
Akwai wani ɗan bulo da muke shawara.